Auna Tsarin Ajiyar Fayiloli na Manyan Ma'aikatu: Abin da Gwajin Andrew Ya Koyar

Tsarin ajiyar fayiloli na haɗin gwiwa manhaja ce da ke ba kwamfutoci masu yawa damar aiki da fayilolin da ke ajiye a wasu kwamfutoci dabam, ta layin sadarwa, tamkar a cikin faifansu suke. Ma'aikaci zai buɗe takarda a kan teburinsa, ya gyara, ya rufe, bai san a wane gini ko a wane gari ainihin takardar take ba. Manyan kwamfutocin da ke riƙe da fayilolin su ake kira uwayen garke, ƙananan da ke kan tebura kuma su ne masu neman hidima. A ofishi mai mutum goma, kusan kowane tsari zai biya buƙata. Wahalar tana farawa ne a jami'a ko banki ko cibiyar bincike, inda dubban mutane ke buɗe fayiloli a lokaci guda, rassa suna warwatse, kuma tsayawar aiki na awa ɗaya asara ce da ake lissafawa da kuɗi. Wannan lacca ta shafi yadda irin waɗannan ma'aikatu ke auna tsari kafin su danƙa masa bayanansu. Misalin da aka ɗauka shi ne tsarin Andrew, wanda aka fi sani da AFS, domin a kansa aka yi gwajin da har yau ake karantar da ɗaliban kimiyyar kwamfuta.

Asalin tsarin Andrew

A 1982 Jami'ar Carnegie Mellon da ke birnin Pittsburgh a Amurka ta haɗa hannu da kamfanin IBM don gina tsarin kwamfuta da zai game harabar jami'ar baki ɗaya. An raɗa wa aikin suna Andrew saboda Andrew Carnegie da Andrew Mellon, attajiran da jami'ar ke ɗauke da sunayensu. Burin shi ne tsarin ya ɗauki kwamfutoci 5,000 zuwa 10,000, ta yadda ɗalibi zai zauna gaban kowace kwamfuta a harabar ya tarar da fayilolinsa kamar yadda ya bar su.

Masu ginin sun raba aikin gida biyu. Uwayen garke, waɗanda suka kira Vice, suna kulle a ɗakunan da ma'aikatan jami'a kaɗai ke shiga. A kan kowace kwamfutar tebur kuma akwai wata manhaja mai suna Venus, wadda ita ke zuwa aike. Idan mutum ya buɗe fayil, Venus takan ɗauko shi ɗungurungum ta ajiye kwafinsa a faifan kwamfutar, duk karatu da rubutu a kan wannan kwafin ake yi, sai an rufe fayil ɗin sannan ta mayar da gyaran ga uwar garke. Dabarar ta yi kama da ta uwargida da ba ta komawa rumbu a kan kowane cokali: takan ɗebo abin da zai isa ta ajiye kusa da murhu. Wannan ajiya ta kusa ita ce ginshiƙin tsarin.

Gwajin farko da abin da ƙidaya ta fallasa

An yi amfani da samfurin farko daga ƙarshen 1984 zuwa ƙarshen 1985. A lokacin da ya fi cika, yana da kwamfutocin tebur kusan 100 da uwayen garke 6, da mutane kimanin 400. Ya yi aiki, amma jama'a sun koka da jinkiri, kuma uwar garke ɗaya ba ta iya ɗaukar fiye da mutum 20 cikin natsuwa. Da wannan lissafi, kwamfutoci 5,000 za su buƙaci uwayen garke 250, abin da ba jami'ar da za ta iya saya, balle ta kula da su.

Masu binciken sai suka zauna suka ƙirga kowane saƙo da ke isa ga uwayen garke. Ajiyar kusa tana yin aikinta, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na fayilolin da aka buɗe an same su a faifan kwamfutar tebur. Amma kafin Venus ta yi amfani da kwafin da ke hannunta, sai ta tambayi uwar garke ko har yanzu kwafin yana daidai. Wannan tambaya kaɗai ta cinye kusan kashi 62 na dukkan saƙonni, neman bayanin fayil kamar girmansa da ranar gyaransa ya ci kusan kashi 27. Ɗauko fayil ya tsaya a kashi 4, mayar da shi kuma kashi 2. Ke nan kusan saƙo tara cikin goma tambaya ce kawai, kuma amsar yawanci ita ce ba abin da ya canza.

Ƙidayar ta kuma nuna inda takalmin ke matsi. Faifai da layin sadarwa suna da sauran sarari, ƙwaƙwalwar lissafi ta uwar garke ce ta gaji. Tana buɗe wa kowace kwamfuta aiki na musamman, tana ta tsalle daga wannan zuwa wancan, kuma ita ke bin doguwar hanyar sunan fayil folda bayan folda kafin ta kai gare shi. Da an bi zato, da an kashe kuɗi a kan faifai masu sauri, ciwon yana nan inda yake. Wannan shi ne darasi na farko a auna kowane tsari: a ƙirga abin da uwar garke ke yi a ranar aiki ta gaske kafin a yanke hukunci.

Gyaran da aka yi

Babban gyaran shi ne juya tambayar. Idan Venus ta ɗauko fayil, uwar garke takan ba ta alkawarin sanarwa: muddin wani ya gyara fayil ɗin, za a aiko mata da saƙo. Idan saƙon bai zo ba, Venus za ta ci gaba da amfani da kwafinta ba tare da ta tuntuɓi kowa ba. Malamin da ke buɗe takardar darasinsa sau ashirin a yini, a tsohon tsari ya aika tambaya ashirin, a sabon kuwa ko ɗaya bai aika ba. Abin da aka biya a madadin wannan sauƙi shi ne dole uwar garke ta riƙe jerin duk waɗanda ta yi wa alkawari.

An kuma ba kowane fayil lambar shaida tsayayya, aka mayar da aikin bin hanyar suna kan kwamfutar tebur. Uwar garke ta koma yi wa kowa hidima da aiki guda mai rassa marasa nauyi. Sannan aka ƙirƙiro dami, wato tarin fayilolin da ake ɗauka a matsayin abu ɗaya, kamar duk fayilolin mutum guda. Da waɗannan gyare-gyare aka sa ran uwar garke ɗaya ta ɗauki aƙalla mutum 50.

Mudun awo da karawa da NFS

Don a gwada tsari da tsari bisa adalci, sai da aka ƙera mudu ɗaya. Mudun Andrew yana aiki da fayiloli kusan 70 masu jimillar kilobait 200, kuma yana da matakai biyar: ƙirƙirar foldoji, kwafe fayiloli zuwa cikinsu, duba bayanin kowane fayil ba tare da buɗe shi ba, karanta kowane fayil daga farko zuwa ƙarshe, sai harhaɗa su su zama manhaja. Kwamfuta ɗaya da ke gudanar da mudun an ƙiyasta nauyinta da na mutum biyar masu aikin yau da kullum. Hikimar gwajin tana cikin ƙara yawan kwamfutocin a hankali, daga ɗaya zuwa 18, ana lura da lokacin da aikin ke ɗauka da kuma gajiyar uwar garke.

Abokin karawar shi ne NFS, wanda kamfanin Sun Microsystems ya ƙirƙira a 1984. An gina NFS na wancan zamani a kan cewa uwar garke ba ta riƙe tarihin kowa, kowane saƙo yana zuwa da cikakken bayaninsa. Sakamakon, wanda John Howard da M. Satyanarayanan da abokan aikinsu suka buga a mujallar ACM ta tsarin kwamfuta a watan Fabrairun 1988, ya nuna cewa idan kwamfutocin kaɗan ne NFS ya ɗan fi sauri. Da suka ƙaru sai lamarin ya juya. A kan kwamfutoci 18, ƙwaƙwalwar lissafi ta uwar garken NFS ta cika maƙil, ta Andrew kuwa tana wajen kashi 40. Daga kwamfutoci goma zuwa sama ma, wasu daga cikin na NFS sun kasa kammala matakin ƙarshe.

Da an tsaya a gwajin kwamfuta ɗaya, da NFS aka ba nasara. Saurin da dillali ke nunawa a ɗakin baje koli sauri ne na mutum ɗaya a kan hanyar da ba kowa. Abin da babbar ma'aikata ke buƙatar sani shi ne yadda lokacin jira ke hawa yayin da jama'a ke ƙaruwa, da kuma adadin da uwar garke ke durƙushewa a kansa.

Daidaiton kwafi

Duk inda aka yi kwafi, akwai tambayar wanne ne na gaskiya. A ɗauka akanta ya buɗe jadawalin albashi da ƙarfe 9:00, abokiyar aikinsa a wani ofishi ta buɗe shi da 9:05. Shi ya gyara sashen alawus ya rufe da 9:30. Ita ta gyara sashen haraji ta rufe da 9:40. A tsarin Andrew kowannensu a kan kwafinsa ya yi aiki, don haka na wadda ta rufe daga baya shi zai zauna, gyaran akanta kuma ya bi ruwa, ba tare da wani gargaɗi ba, sai fa idan manhajar da suke aiki da ita ta nemi kulle fayil ɗin tun farko. A tsohon NFS matsalar ta ɗauki wata siffa: kwamfuta takan amince da bayanin da ke hannunta na sakan 3 a kan fayil, sakan 30 a kan folda, kuma a cikin wannan tsakani tana iya nuna tsohon abu.

Saboda haka mai auna tsari sai ya samu amsar abu uku a rubuce, kuma ya gwada su da hannunsa: yaushe gyaran mutum ke bayyana ga sauran, me ke faruwa idan biyu suka rubuta a lokaci guda, kuma kulle yana aiki tsakanin kwamfutoci iri dabam-dabam ko kuwa. Masu ginin Andrew da kansu sun ce ba su yi shi don rumbun bayanai irin na banki ba, inda mutane da yawa ke taɓa fayil guda a kowane sakan. Abin lura kuma, da aka fitar da NFS na huɗu a shekarar 2000, ya koma riƙe tarihin masu hulɗa da shi, ya kuma shigo da wani tsarin wakilci mai kama da alkawarin sanarwa na Andrew.

Nisa da ranar lalacewa

Haske a cikin wayar gilashi yana cin kimanin kilomita 200 a milisakan ɗaya. Reshen da ke nisan kilomita 1,000 daga hedikwata ba zai samu amsar tambaya a ƙasa da milisakan 10 ba, komai faɗin layin da aka saya. Aikin da ke buƙatar tambaya 1,000 ɗaya bayan ɗaya zai ci sakan 10 a jira kawai. Idan reshen ya dogara da tauraron ɗan'adam mai tsayuwa a kilomita 35,786 sama da ƙasa, tambaya da amsarta suna cin kusan rabin sakan, wannan aikin kuma ya koma minti 8. Tsarin da ya cika tambaya yana iya gudu a cikin gini ɗaya, amma ya gurgunce a reshe.

Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Idan uwar garken tsohon NFS ta mutu, kwamfutocin tebur sukan yi ta maimaita saƙonsu har ta farfaɗo, aiki ya ci gaba, tunda ba abin da ta manta. A Andrew sai kwamfutocin sun sake tabbatar da kwafinsu, domin jerin alkawura ya tafi. Andrew yana ba da damar baza kwafin damin da karatu kawai ake yi a uwayen garke da yawa, amma damin da ake rubutu a kansa wuri ɗaya yake zama, idan wurin ya faɗi masu shi sun tsaya. Wannan giɓi ne ya haifar da tsarin Coda, wanda Satyanarayanan ya fara a 1987, inda kwamfuta ke ci gaba da aiki ko layi ya yanke, a daidaita gyare-gyaren bayan ya dawo.

A shekarar 2000 Eric Brewer ya gabatar da wata ƙa'ida, wadda Seth Gilbert da Nancy Lynch suka tabbatar da ita ta hanyar lissafi a 2002. Idan layi ya yanke tsakanin sassan tsari, dole a zaɓi ɗaya: ko a dakatar da hidima don kada kwafi ya saɓa wa kwafi, ko a ci gaba da hidima a yarda da saɓanin. Yankewar layi kuwa abu ne da ke faruwa. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, sadarwa ta taɓarɓare a Najeriya da Gana da Kwaddibuwa da maƙwabtansu. Ma'aikatar da fayilolinta ke wata nahiya ta san a ranar wanne daga cikin biyun tsarinta ya zaɓa.

Alkawarin dillali ma yana buƙatar fassara zuwa awoyi. Tsarin da ke aiki kashi 99.9 cikin 100 na lokaci yana da damar tsayawa kusan awa 9 a shekara, mai kashi 99.99 kuwa kimanin minti 53. Gwaji na ƙwarai ya ƙunshi zare waya, da cire faifai, da kashe wuta ana tsakiyar rubutu, a riƙe agogo a ga tsawon lokacin farfaɗowa, a kuma duba ko wani fayil ya ɓaci. Yawan kwafi kuma ba ya maye gurbin ajiyar ko-ta-kwana, domin fayil ɗin da aka goge bisa kuskure gogewar takan bi shi zuwa kowane kwafi. Andrew ya magance wannan da ɗaukar hoton kowane dami da dare, ta yadda mutum zai dawo da fayil ɗinsa na jiya da kansa.

Tsaro da gudanarwa

Andrew bai amince da kwamfutar tebur ba, tunda ɗalibi na iya sauya manhajar da ke kanta. Dole mutum ya tabbatar da ko shi wane ne, kuma daga baya tsarin ya rungumi Kerberos, hanyar tantancewa da aka ƙirƙira a jami'ar MIT. Tsohon NFS kuwa yakan karɓi lambar mutum yadda kwamfutar tebur ta aiko ta, wanda ke nufin duk mai iko da kwamfutar zai iya shiga rigar wani. A AFS kowace folda tana da jerin izini iri bakwai: karantawa, duba abin da ke ciki, saka sabon fayil, gogewa, rubutawa, kullewa, da sauya iznin kansa. Ana ba mutum ko rukuni, kuma ana iya hana mutum guda kai tsaye ko da yana cikin rukunin da aka yarje wa, abin da ke da amfani ranar da aka sallami ma'aikaci. Rauninsa shi ne iznin a kan folda yake, ba ya sauka kan fayil ɗaya, kuma mabuɗin sirrinsa na asali ya tsufa.

Ta fuskar gudanarwa, dami ne ya ɗauke wa ma'aikata nauyi. Ana iya ƙayyade wa kowane dami iyakar wurin da zai ci, kuma ana iya ɗauke shi daga uwar garken da ta cika zuwa wata alhali mai shi yana aiki, sunan fayilolinsa bai canza ba. A samfurin farko ba a iya yin ko ɗaya cikin biyun cikin sauƙi. Mai auna tsari ya kamata ya lissafa mutum nawa ake buƙata don kula da shi, da kuma ko ƙara faifai yana tilasta rufe aiki.

Kowane tsari da irin kayansa

An gina Andrew a kan lura da cewa yawancin fayilolin jami'a ƙanana ne, ana karanta su fiye da yadda ake gyara su, kuma mutum ɗaya ne ke taɓa su. Da irin aikin ya canza, sai tsare-tsaren ma suka canza. Tsarin da Google ya bayyana a 2003 yana yanka manyan fayiloli gunduwa-gunduwa na megabait 64, ya ajiye kowace gunduwa a wuri uku, bisa tunanin cewa lalacewar na'ura abin kullum ne. Tsarin Lustre ya kafu a manyan kwamfutocin binciken kimiyya, Ceph, wanda Sage Weil da abokan aikinsa suka gabatar a 2006, yana gano mazaunin bayanai ta hanyar lissafi, SMB kuma shi ne ruwan dare a ofisoshin da ke amfani da Windows. Tsarin da ya ƙware a manyan fayiloli yana iya wahala da miliyoyin ƙananan takardu, saboda haka mudun da ya dace da ma'aikata shi ne wanda aka ɗebo daga aikinta.

Kuɗi ma yana bin zaɓin. Ajiye kwafi uku yana nufin terabait 100 na bayanai zai ci faifan terabait 300. Idan aka raba bayanan gida shida aka ƙara gida uku na lissafin gyara, terabait 150 ya isa, kuma tsarin zai jure rasa kowane gida uku, sai dai farfaɗowa takan fi cin lissafi da layin sadarwa.

Tsawon rai

Fayiloli sukan fi na'urar da ke ɗauke da su daɗewa. A 1989 aka kafa kamfanin Transarc don sayar da AFS, IBM ya saye shi a 1994, a 2000 kuma aka saki manhajar ga jama'a da sunan OpenAFS. Cibiyar binciken nukiliya ta Turai, CERN, da ke kusa da birnin Jeniba, ta dogara da AFS tun farkon shekarun 1990. A wajajen 2016 ta fara shirin janye ayyukanta daga kansa, saboda damuwa da raguwar masu raya manhajar da rashin dacewarta da sabon tsarin adireshin intanet, kuma ƙaurar ta ɗauki shekaru domin dubban ayyuka sun riga sun saba da sunayen foldojinsa. Don haka tambayar wa zai ci gaba da gyara tsarin nan da shekara goma, da tambayar ta yaya za a fita daga cikinsa, suna cikin abin da ake aunawa tun ranar farko.

Alƙaluman 1988 sun tsufa, domin hoto ɗaya na wayar hannu a yau ya ninka duka fayilolin mudun Andrew. Hanyar awon ce ba ta tsufa ba. Tsarin da ya cancanci babbar ma'aikata shi ne wanda aka gwada da fayilolinta da yawan jama'arta, daga reshenta mafi nisa, aka yanke masa layi da wuta da gangan, aka kuma ga fayilolin sun dawo lafiya.